Tayar da Ta Ƙi Riƙe Iska

Yaya Munzali, ɗan wan babanmu, ba ya ba da labari sai an kwashe kwanukan tuwo an share wuri. Ranar ma sai da ya jira. Da ni da ƙanwata Hansai da ƙanenmu Ɗahiru muka kewaye shi a kan tabarma. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya rage murya, sannan ya fara.

Wannan ba tatsuniya ba ce, in ji shi. Mutumin yana nan da ransa. Sunansa Tasi'u, layinmu ɗaya da shi.

Sana'arsa ƙanƙara. Da bazara yakan saro manya-manya a cikin gari, ya barbaɗe su da dusar katako, ya naɗe a buhu, ya ɗaure a bayan babur, ya kai kasuwar Baushe inda ba su da wuta. Masu zoɓo da masu kunun aya da masu fura duk shi suke jira.

Hanyar Baushe biyu ce. Akwai kwalta, amma zagaye ce mai nisa, kafin ka isa rabin kayanka ya zama ruwa. Akwai kuma yanke ta jeji, wanda ya bi ta gefen wani kududdufi da masu aikin titi suka haƙa suka tafi suka bari. Yanken ya fi sauri nesa ba kusa ba. Matsalarsa ƙaya. Ƙayar aduwa, mai tsawon ɗan yatsa.

Kullum sai ta huda masa tub. Ku kwatanta: rana ta take, kana durƙushe kana fama da faci, jarinka yana ɗiga a ƙasa a bayanka, kana jin sautinsa. Tasi'u ya gaji. Ya je wurin Lawwali mai faci, na bakin tasha, ya ce masa tubles yake so, tayar nan marar tub wadda ko ƙaya ta shige ta ba ta sacewa nan take.

Lawwali ya dubi wilin bayan, ya girgiza kai.

"Wilinka mai sifok ne, siraran ƙarafan nan da ke riƙe da shi. Kowane sifok da raminsa a jikin ƙarfen. Ta nan iskar za ta gudu. Sayi wilin alminiyom."

"Ya fashe min a ramukan jeji? Sifok ne ke jure hanyar nan."

"To akwai masu toshe ramukan. Na ga an yi. Ni dai ban taɓa yi ba."

"Yau za ka fara."

Suka cire taya. Suka goge cikin wilin da samfefa har ya yi fari. Suka wanke shi da fetur don kada maiƙo ya hana gam kamawa. Suka bi kan kowane sifok suka lafta masa gam ɗin silikon, suka bar shi ya bushe, Tasi'u ya yi asarar kasuwa yana zaune yana gadinsa kada wani ya taɓa. Da ya bushe suka naɗe shi da roba, suka sa bawul, wato bakin buga iska, suka mayar da sabuwar taya, aka buga iska. Lawwali ya kaɗa ruwan omo ya bi sifok ɗin da shi yana neman kumfa. Babu ko ɗaya.

Washegari Tasi'u ya bi yanke ya isa Baushe ba tare da ya sauka ko sau ɗaya ba. Ya dawo yana waƙa.

A hanyar dawowar ne, ana dab da magariba, ya ji kamar tayar ta ɗan yi laushi. Sabon aiki ne, ya ce bari ya ƙara mata kaɗan. Ya tsaya a bakin kududdufin nan, ya kwance famfonsa. Akwai wata 'yar guguwa a wurin, ba ta kai gwiwar mutum ba, tana juya busassun ganye. Ta zo ta kewaye ƙafarsa. Ta koma. Ta sake zuwa, kamar ɗan akuya mai neman wasa. Bai kula ta ba. Sauri yake, ko bismilla bai yi ba. Ya buga iskarsa. Da ya ɗago kai, ganyen na zube a ƙasa, wuri ya yi shiru.

Ya hau ya tafi gida.

Da safe taya ta kwanta.

Ya tura babur har tasha yana gumi. Lawwali ya buga iska, ya shafa ruwan omo. Ga kumfa nan tana tasowa a gindin sifok ɗaya, ƙanana, a jere.

"Sai an cire an sake," in ji Lawwali.

"A cire, liba, ƙarfen ɓanɓare tayar nan, ta yage robar, mu koma farko, in sake zaman jiran bushewa? Kasuwa za ta jira ni? Toshe shi ta waje."

Lawwali ya kwaɓa gam ɗin ƙarfe ya zagaye gindin sifok ɗin. Kumfa ta tsaya.

Washegari taya ta kwanta. Ba wancan sifok ɗin ba ne. Na kusa da shi ne.

Suka toshe. Kumfa ta ɓulla a na gaba. Suka toshe. Ta ɓulla a na gaba da shi. Ba ta tsallake, ba ta komawa baya. Bi take ɗaya bayan ɗaya, kamar mutum a dogon gida yana gwada ƙofofi.

Tasi'u ya zama abin dariya a tasha. 'Yan acaɓa in sun hango shi yana turo babur sai su ce, "Ga Injiniya nan, a ba shi hanya." Farcensa duk ya yi baƙi da gam. Abinci ma a tsaye yake ci, idonsa na kan taya. In matarsa Zulai ta yi masa magana sai ya ce ta yi shiru yana sauraron ko iska na fita. A Baushe kuwa kullum a makare, don sai ya tsaya a hanya ya buga famfo, ya yi gaba kaɗan, ya sake tsayawa. Hajiya Ladi mai zoɓo, wadda ta fi kowa sayen kayansa, ta ce masa a gaban mutane, "Tasi'u, ni ƙanƙara nake saye, ba jiƙaƙƙen buhu ba. Ka ƙara makara, zan koma wurin mai kawo ƙanƙara a motar nan."

Lawwali ya ba shi shawarar ya haƙura ya mayar da tub.

"Bayan duk wahalar nan?"

"Ni dai aikin nan ya fita raina. Na yi shekaru ina faci, ban taɓa ganin yoyo mai bin layi ba."

Zulai ma ta ce masa wata rana da hantsi, tana shara a zaure inda yake ajiye babur, ta ji wani ɗan sauti daga wajen wilin baya, kamar ana ƙarta roba da farce. Ya ce mata ƙarfe ne ke hucewa. Ta ce babur ɗin da bai tashi ba tun jiya? Ya yi tsaki ya fita.

Ranar ya yi rantsuwa sai ya ga bayan yoyon nan. Ya sayo ruwan toshiya mai kauri, koren nan da ake ɗurawa a tayar tubles, ya ɗura ta bawul fiye da ƙima. Ya kwaɓa gam ya bi duk sifok ɗin da suka rage, masu yoyo da marasa yoyo, ya lafte su. Ya buga iska har famfo ya ƙi danna.

Da safe ya latsa taya. Kamar dutse.

Ya sake latsawa da azahar. Kamar dutse. Zulai ta ce sautin ma ya daina.

Ranar kasuwa ta zo, rana irin wadda takalmin roba ke laushi a ƙafa. Ya yi lodi fiye da na kullum, don ya wanke kansa a wurin Hajiya Ladi. Ya kama yanke. Babur na gudu lafiya, sai dai bayan ya yi masa nauyi, kamar ya ɗauko mutum.

Yana isa kududdufin, babur ya tsaya.

Inji bai mutu ba. Yana ta kuka. Sarƙa na nan a wurinta. Wilin baya ne kawai ya ƙi juyawa.

Ya kashe ya sauka. Ya duba birki, lafiya lau. Ya tura, ko motsi. Sai a lokacin ya lura da shirun. Ba kukan tsuntsu. Ba ƙuda. Ganyen aduwa ko ɗaya ba ya motsi. Abin da yake ji kawai ɗigar ruwan ƙanƙararsa a kan yashi.

"Sannu, mai babur."

A bayan kunnensa ya ji muryar. Ya juya. Ba kowa. Ya juyo gaba, sai ga mace tsaye can a bakin ruwa, doguwa, da baƙin zane, ta yafa wani a ka.

"Yawwa Iya, sannu."

"Ka gama toshewa?"

Bakinta ne ya motsa, can nesa. Muryar kuwa a wuyansa ta sauka, har ya ji sanyinta.

Ta taho. Bakin kududdufin taɓo ne, irin wanda saniya ke nutsewa har gwiwa. Ya bi inda ta tako da ido. Taɓon na nan sumul, ba sawu. Gefen zanenta kuma sai kaɗawa yake, alhali ba iska a duniyar.

A nan Hansai ta matso ta riƙe hannuna. Yaya Munzali ya jira ta zauna daidai, sannan ya ci gaba.

Tasi'u ya so ya yi addu'a, harshensa ya yi nauyi. Abin da ya fito daga bakinsa kawai shi ne, "Iya, don Allah ki yi haƙuri. Kayana na narkewa."

"Nawa ma."

Ta nuna wilin baya da haɓa.

"Sa kunnenka."

Ya durƙusa. Tayar da ta sha gudu a kan yashi mai zafi, da ya kai kuncinsa sai ya ji ta da sanyi. Ya saurara. Da farko ba komai. Sannan ya ji. Numfashi ne. Ƙarami. Ya ja, ya tsaya, ya daɗe, sannan ya sake ja.

"Ɗana ne, wasa ya zo yi da kai," in ji ta. "Bai san mutum ba. Ka zuƙe shi da abin hurawarka."

"Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Shi ya sa har yanzu kake da ƙafafu."

"To me ya hana ki faɗa min tuntuni?"

"Kullum ka wuce ina kiranka. Ƙarfenka ya fi ni murya. Gari kuma ba na shiga. Na ce zai fito da kansa. Yakan sami 'yar ƙofa, ya fara faɗaɗa ta, sai ka toshe. Ya nemi wata, ka toshe. Yanzu ba ya ko nema."

Ya kai hannu kan bawul, ya danna tsinken. Shiru. Ya kwance zuciyar bawul ɗin gaba ɗaya. Ko huci. Koren ruwan nan da ya ɗura ya daskare ya cika ramin. Ya zura ƙaya, ta karye a ciki. Ya nemi ya kankare gam ɗin sifok da farce. Gam ɗin ya zama ƙarfe. Shi da kansa ya yi aikin, kuma a karon farko aikin ya yi kyau.

"Yanka," in ji ta.

Ya dubi tayar. Sabuwa ce, ko gashinta bai gama zubewa ba. Ba shi da tub, ya bar shi a gida don ya ce ya gama da tub har abada. In ya yanka, a nan zai zauna da babur da lodi, a tsakiyar jeji, har ƙanƙarar ƙarshe ta narke.

Kun san akwai gajiyar da ke fin tsoro ƙarfi. Ita ce ta taso masa. Ya miƙe tsaye, ya manta da wa yake magana.

"Ni me na yi ne? Ƙaya ta hana ni ci, na ce bari in yi dabara. Na goge, na wanke, na liƙe, na yi asarar kasuwa. An yi min dariya a tasha. Matata ta daina min magana. Sai yanzu, yanzun nan da ta riƙe iska, shi ne za a ce in yanka da hannuna? Duk faɗin jejin nan bai ga wurin wasa ba sai bakin famfona?"

Ta bar shi har ya yi shiru yana haki. Gefen zanenta ya daina kaɗawa. Wannan ya fi kaɗawar ban tsoro.

"Ka gama?"

Ya sunkuyar da kai.

"Sake sa kunnenka."

Ya sake durƙusawa. Ya jira. Ya jira har gumi ya shiga idonsa. Can ya ji an ja numfashi sau ɗaya, siriri kamar zare, ba a sake shi ba.

Tasi'u ya ce min a nan ne fushin ya zube masa gaba ɗaya. Ya ce ko ɗan me ne, ɗa ne, kuma a hannunsa yake mutuwa. Ya zaro ƙarfen da yake fasa ƙanƙara da shi. A wannan karon bakinsa ya buɗe, ya yi bismilla. Ya caka a gefen tayar, ya ja da dukkan ƙarfinsa.

Ya zaci za ta yi ƙara. Ba ta yi ba. Koren ruwa ya dalalo. Sannan iska ta fito a hankali, mai sanyi, ta bi ta tsakanin yatsunsa. Yashin da ke gaban tayar ya motsa. Ya ɗan taso, ya juya, ya zube. Ya sake tasowa, ya juya sau ɗaya, ya karkace kamar jaririn da ke koyon tafiya.

"Ba shi ruwa," in ji ta.

Ya kwance buhu, ya fasa guntun ƙanƙara kamar kan mutum, ya ajiye a ƙasa. Yashin ya kewaye shi. Yana kallo guntun ya ƙanƙance, ya ƙare, ko danshi bai bari ba. 'Yar guguwar ta miƙe. Ta kwashi ganye. Ba ta zo kusa da ƙafarsa ba a wannan karon. Ta tafi kai tsaye ta shige ƙarƙashin baƙin zanen.

Matar ta daɗe a sunkuye. Da ta ɗago ta ce, "Me kake so?"

Da wani ne da ya roƙi dukiya. Tasi'u yana zaune dirshan a ƙasa, yana kallon yagaggiyar tayarsa da ruwan da ke tsiyaya daga buhu. Ya ce, "Taya nake so wadda ba ta sacewa. Abin da nake nema ke nan tun farko."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta sunkuya, ta hura a bakin yankan. Tayar ta tashi ta cika.

"Hau. Kada ka waiwaya. Kada kuma ka ƙara biyowa nan kai kaɗai. Ni na ji uzurinka. Ubansa bai ji ba."

Ya hau. Bugu ɗaya babur ya tashi. Bai waiwaya ba, amma ya ce har ya fita daga jejin yana jin itatuwan da ke bayansa suna kwanciya suna tashi.

Ya isa Baushe la'asar ta wuce. Hajiya Ladi ta riga ta saya a wurin mai mota. Ko kallonsa ba ta yi ba.

Washegari ya kai wa Lawwali babur. Yankan na nan a buɗe, tsawon tafin hannu. Tayar kuma ƙam. Lawwali ya zura ɗan yatsa a ciki, ya fizgo da sauri. Yatsan ya yini ba ya jin sa. Ya ce, "Tasi'u, ɗauke min abin nan daga rumfata. Gaisuwa tsakaninmu tana nan, amma ban da wilin nan."

Tayar ba ta ƙara sacewa ba. Ƙusa ta shige ta, kwalba ta yanke ta, tana nan. Sai dai duk ranar da ya zo mararraba, inda yanke ya rabu da kwalta, sai wilin baya ya fara ja zuwa jeji. Sai ya sauka ya riƙe kan babur da hannu biyu, ya tura shi ya wuce wurin. Ya yi niyyar sayarwa, ba wanda ya ga yankan ya taya. Ya yi niyyar cirewa, ba mai facin da ya yarda ya sa mata liba.

Yanzu kwalta yake bi, doguwar nan ta zagaye, inda babu ƙaya ko ɗaya. Yana da tayar da ƙaya ba ta iya mata komai, a kan hanyar da ba ta buƙatarta. Ƙanƙararsa kuma rabi take isa. In ka tambaye shi yaya kasuwa, sai ya yi tsaki ya ce, "Na roƙa, an ba ni."

A nan Yaya Munzali ya dasa aya. Ɗahiru ne ya yi ƙarfin hali ya ce, "Yaya, uban fa?"

Ya ce, "Masu itace sun ce akwai wata guguwa babba a bakin kududdufin, ta fi rimi tsawo. Da tsakar rana take tashi. Guguwa kun san tafiya take. Wannan ba ta tafiya. Tsaye take wuri ɗaya, tana fuskantar hanya."

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa.

"In an aike ku Baushe, ku bi kwalta, ko da za ku isa da yamma. In kuma dole sai yanken, ku jira ayarin masu itace ku shiga tsakiyarsu. Wanda ya ji an yi masa sannu a bayan kunne, kada ya amsa. Ku tashi ku kwanta."

Ba wanda ya motsa a cikinmu sai da Inna ta leƙo da fitila.